Mota Biyu a Fenti Ɗaya

An yi wani mutum a nan Mombasa mai filin sayar da motoci a wajen Changamwe. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye. Sahun gaba yake salla, kuma bakinsa zuma. In ka shiga filinsa za a kawo maka kujera da gahawa mai ɗaci, kafin la'asar ka fito da makulli a hannu.

Ya 'yan uwa, mutumin nan yana da wata sana'a a bayan fili. Yakan sayi motoci biyu da suka yi haɗari, wadda gabanta ya mutu da wadda bayanta ya mutu, ya sa mai walda ya yanke su ya haɗa rabi da rabi. A shafe, a fesa fenti, a jera ta cikin masu lafiya.

Kun san al'adarmu. Ba mai sayen mota a fili sai ya zo da bakanikensa ya shiga ƙarƙashinta ya duba. Wata farar mota da aka haɗa haka ta yi wata bakwai ba ta fita ba, domin duk bakaniken da ya kwanta ƙarƙashinta sai ya taso ya ja mai saye gefe. Abin ya tsaya wa mutumin nan a rai.

Yana da 'ya ɗaya tilo, Mwanaisha, tana auren wani malamin makaranta mai suna Kombo. Kombo ya shekara shida yana tara kuɗin sayen mota. Ya riga ya je ofishin kamfanin da ke ƙera motar da yake so, ya cike takarda zai yi oda kai tsaye. A can ba gahawa, ba ragin ko shilin ɗaya, kuma sai ka jira wata uku jirgin ruwa ya iso. Amma abin da aka rubuta maka shi za a sauke maka.

Da labari ya kai kunnen mai filin, sai ya kira surukin nasa.

“Ɗana, ashe raina ni ka yi? Ina da mota arba'in a tsaye, ka kai wa baƙi kuɗinka kan hoton takarda? Matarka na da ciki wata shida, a bayan babur za ka kai ta asibiti?”

Kombo ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ba haka ba ne.”

“To ga farar can. Wallahi ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba. Na rage maka dubu ɗari biyu, don kai nawa ne.”

Wa zai kawo bakanike ya duba kayan surukinsa? Da wane ido zai kalle shi? Mutumin nan ya san kunya za ta ɗaure Kombo, shi ya sa ya zaɓe shi. Ya gaya wa ransa ai malamin makaranta ba ya gudu, daga gida sai aji. Kombo ya janye odarsa, ya biya, har da godiya.

Bayan sati biyar suka kama hanyar Voi gaishe da mahaifiyar Kombo. A gangaren Mazeras wata babbar mota ta matse su, Kombo ya kauce ya faɗa rami. Ramin da mota mai lafiya za ta fita da lanƙwasar ƙafa kawai. Wannan kuwa ta rabe daidai inda aka yi waldar. Gaba ya tsaya da Kombo a ciki. Baya ya wuntsila cikin kwari da Mwanaisha, wadda dama ta koma kujerar baya don ta miƙe ƙafafunta.

Cikin ya zube, ɗa namiji. Ita kuma ƙashin bayanta ya karye, ba za ta sake takawa ba.

'Yan sanda suka sami lambar mota biyu a jikin ƙarfe ɗaya. Mai walda ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya faɗi komai. Aka rufe filin, aka kwashe motocin, lauyoyi suka cinye wa mai filin gidajen haya biyu kafin ya tsira daga kurkuku. Ni ban ji tausayinsa a nan ba, kuma ba zan ɓoye muku ba.

Sai da ya yi wata biyu kafin ya iya shiga ɗakin da 'yarsa take kwance. Ya durƙusa yana kuka, yana cewa ƙaddara ce. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, “Baba, abu ɗaya nake so in sani. Nawa ka ci riba?”

Ta juya fuskarta bango, kuma yau shekara huɗu ba ta ƙara ce masa uffan ba.

Ya 'yan uwa, ba fili ne haram ba, ba kuma kamfani ne aljanna ba. Akwai masu fili na kirki a garin nan. Abin da ya halaka mutumin nan shi ne ya ɓoye aibi, ya rufe shi da sunan Allah, ya kuma nemi wanda ba zai iya tuhumarsa ba ya cuta. Kai mai sayarwa, faɗi aibin kayanka ko da ciniki zai watse. Kai mai saye, duba, ko a hannun mahaifinka ne.

Allah ya kiyaye mu da ribar da ba za mu iya faɗin adadinta a gaban 'ya'yanmu ba. Amin.