Magatakarda da Faifan da Yake Ɓoyewa a Aljihu

An yi wani mutum a nan Tudun Wada, ba zan kama sunansa ba. Magatakarda ne a wata makarantar Islamiyya, shi aka danƙa wa laftof ɗin makarantar. Iyayen ɗalibai sukan kawo masa wayoyinsu ya zuba musu karatun Alƙur'ani.

Ciwonsa ɗaya ne: son sanin abin da ba ruwansa. Waya na shiga hannunsa, sai zuciya ta fara yi masa raɗa: me ke ciki? Me aka goge?

Ran nan ya ji labarin wata manhaja mai dawo da hotuna da saƙonnin da aka goge. Ya hau babur sai Kwangila, shagon Gwadabe mai gyaran kwamfuta.

"Malam Gwadabe, dole sai cikin laftof ake sa manhaja? Ba za ta zauna a faifan ajiya na waje ba, wanda ake jonawa a cire?"

Gwadabe ya ce, "Za ta zauna, Malam, sai dai ta yi nauyin buɗewa. Kuma ko ka zare faifan, akwai guntunta da ke saura a cikin laftof. Me ya hana ka sa ta ciki?"

"Wuri ne ya yi kaɗan."

Ƙarya yake yi. So yake in ya gama leƙensa ya zare faifan ya jefa aljihu, laftof ya koma tas.

Wata bakwai yana wannan aiki. Ya ga takardar asibitin da wani dattijo ya ɓoye wa 'ya'yansa. Ya karanta kukan da wata mata ta kai wa yayarta. Bai gaya wa kowa ba, sanin kawai ke masa daɗi. Ya 'yan uwa, me ya ƙara masa?

Sai ranar walimar saukar karatu ta zo. Harabar makaranta ta cika, aka jona laftof da majigi don a haska sunayen ɗalibai a bango. Faifan yana gida, hankalinsa kwance. Yana kunna laftof, guntun nan da ya saura ya buɗe da kansa, ya baje jerin ayyukan da aka yi da manhajar: sunayen masu wayoyi, kowanne da ƙananan hotuna a gefe.

Magatakarda ya rasa inda zai danna.

Hajiya Bahijja, uwar wata ɗaliba, ta miƙe daga sahun mata. "Wancan mijina ne, marigayi, a gadon asibiti. Da hannuna na goge hoton don ba na iya kallonsa. Malam, wa ya ba ka?"

Suna na huɗu a jerin kuwa na matar shi magatakardan ne, har wayarta ya leƙa.

Kafin la'asar an karɓe makullan ofis. Matarsa ta koma gidan iyayenta a Tudun Jukun. In ya shiga masallaci, sai ya ga mutane suna tura wayoyinsu can cikin aljihu. Kafin wata ya ƙare ya bar garin.

Ya 'yan uwa, Allah ya hana mu tonon sirrin juna. Mutumin nan ya yi tambaya kan na'ura har ya ƙoshi, amma ko sau ɗaya bai tambayi ko abin halal ne ba. Wanda ya miƙa maka wayarsa, amana ya miƙa maka.

Allah ya rufa mana asiri, ya kiyaye mu daga leƙen na wasu. Amin.