Buɗa-bakin Giwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

Wata shekara damina ta ƙi zuwa, tafkin dawa ya janye har ya koma kamar faɗin tabarma. Dabbobi suka taru. Dila, malaminsu, ya ce gobe a tashi da azumi, jibi a fita roƙon ruwa.

Giwa, wadda ta fi kowa shan tafkin, ta miƙe ta ce, "Ni zan shugabanci ƙungiyar masu kishin daji. Kowa ya rage sha, musamman ƙananan nan masu yawan zarya." Sai ta karya bishiya ɗaya tilo da ta rage a bakin ruwa, ta ɗora ɗanyen ganyen a ka.

Kwaɗo, wanda gidansa ke cikin tafkin, ya ce, "Ranki ya daɗe, inuwarmu ce fa."

Ta ce, "Alamar ƙungiya ce."

Aka wuni da azumi, Ɓera har da suma. Rana na faɗuwa Giwa ta ce bari ta ɗan jiƙa maƙoshi. Ta yi bisimilla, ta zura hanci. Da ta ɗago, sai taɓo.

Washegari aka juya riguna baibai, aka jeru a fili. Giwa ta fi kowa kuka.

Kwaɗo, fata duk ta bushe, ya ce, "Malam, ruwan da muke roƙo ai an riga an ba mu. Ga shi can cikin Giwa, har motsinsa ake ji."

Dila ya dubi girman ƙafar Giwa, ya dubi Kwaɗo, ya ce, "Ba a magana a sahu."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, shi ma da ƙishirwarsa ya tafi.