Ɗorawar Adawiyya a Gonar Dabo

Akwai wata baiwar Allah a wani ƙauye kusa da Baure, sunanta Adawiyya. Da aka raba gadon mahaifinsu, gona ta faɗa hannun ƙaninta Dabo, ita kuma aka ba ta ɗorawar da ke tsakiyar gonar. Da kalwar itacen nan take yin daddawa, da ita take ciyar da marayunta uku.

Shi kuwa Dabo, mutum ne mai zuciya a kusa. Kullum ƙorafinsa inuwar ɗorawa tana kashe masa gero.

Wata safiya Adawiyya ta ji ƙarar injin yankan itace daga wajen gona. Ta ruga ko takalmi babu, ta rungume gindin itacen.

"Dabo, ka ji tsoron Allah. Abincin 'ya'yana ne."

"Yaya, matsa ko in matsar da ke."

Ta ƙi. Ya ajiye injin, ya ɗauki ƙotar gatari ya maka mata a hannu. Ƙashi ya ce ƙas. Ya fizge ta ya jefar da ita kan kunyar gero, bakinta na zubar da jini, ya koma kan aikinsa.

Ashe gwanin naku aron injin ya yi, bai san ta inda ake kayar da itace ba. Ɗorawa ta juyo kansa, ta danne masa ƙafa. A gonar babu kowa sai su biyu.

"Yaya, ɗaga min reshen nan, zan mutu!"

Wallahi ta gwada. Ta sa kafaɗa, ta sa hannun da ya rage, tana kuka, reshe ko motsi.

"Da wane hannun, Dabo? Ka karya shi."

Ta ja jiki zuwa ƙauye neman maza. Kafin a ciro shi ƙafar ta lalace, sai yanke ta aka yi a asibiti.

Da ya dawo gida, ita ce ta kawo masa tuwo, hannunta a ɗaure. Ya kai loma, ya yamutsa fuska.

"Miyar nan lami ce. Babu daddawa?"

"Ka sare ta," in ji ta.

Ya ajiye lomar, ya fashe da kuka.

Darasi: Kada ƙarfi ya ruɗe ka ka taɓa abincin mai rauni, domin hannun da ka karya yau shi za ka nema gobe. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta.