Ƙashin Inna Tabawa

Ku matso ku ji abin da ƴaƴa uku suka yi wa uwarsu, Inna Tabawa, har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Babban, Sallau, da ya yi arziki sai ya gina mata ɗaki a can ƙuryar gida, ko taga babu. Ya ce uwar mai hali ba ta zaman rana. Tanimu, mai bi masa, ya sayar da saniyar da take shan nononta, ya bar ta da tuwon masara safe da yamma. Da ƙugunta ya fara ciwo, tana tafiya tana rangaji, sai autarsu Kuluwa ta ce sammu ne, ta yi ta ɗura mata jiƙe-jiƙe.

Ran nan Inna ta yunƙura za ta tashi daga kan tabarma, cinyarta ta karye. Ko faɗuwa ba ta yi ba.

Tanimu ne ya kori maɗorin da aka kira, ya goya ta har bakin titi, ya kai ta asibiti. Can aka gyara karayar za a sallame ta, Sallau ya tsaya ya ce ba inda za ta sai an gano dalili. Aka auna jininta. Likita ta dube su rai a ɓace, ta ce, "Ƙashin mahaifiyarku laushi ya yi. Ba ta samun kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, a abinci, ba ta samun rana da jiki ke haɗa bitamin D da ita. Da me kuke so ƙashi ya yi ƙarfi?"

Kuluwa ta bar ɗakin mijinta ta tare wurin uwar. Kullum ta ba ta ƙwayoyin asibiti, ta dama mata nono, ta dafa ƙananan kifi da ƙashinsu, ta fito da ita hantsi. Ana zagin ta kan barin ɗakin miji, tana yi.

Da Inna ta miƙe da ƙafarta, ta tara su. Ta ce, "Ku uku kuka kwantar da ni, ku uku kuka tashe ni. Ban huce ba. Amma ɗakin nan ba zan koma ba, a hannun mutum ɗaya zan ƙarasa kwanana."

To, jama'a, a cikin ukun nan, wa ya cancanci ta zauna a hannunsa?