Sunan da Za a Raɗa wa Ɗan Hansai

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan. Ga wata ta zo muku, kuma idan na kai ƙarshenta ba mai tashi sai ya faɗi inda ya tsaya.

A wani bariki da ke bakin daji akwai sojoji uku aminan juna: Kofur Haladu, Kofur Zakari da Saje Ilyasu. Tare suka shiga soja, kwano ɗaya suke ci. Aikin rundunarsu yaƙi da guba ne, irin wadda maƙiyi ke sakewa cikin iska, abin da bindiga ba ta harbi. Haladu ke shiga gaba da na'ura ya gano inda gubar take da inda iska ke kai ta. Zakari ke wanke ta daga jikin mutane. Ilyasu kuwa ma'aikacin jinya ne, allurar makarin guba a hannunsa take. Sauran sojoji kan yi musu tsiya su ce da su 'yan wanki, don kullum atisayensu da bokiti da sabulu ne. Su dai ko a jikinsu.

Ran nan da hantsi, tsakiyar damina, wasu 'yan bindiga da aka koro daga daji suka bi ta Tungar Baure. Don kada a bi sawunsu, sai suka fasa gangunan guba a bakin gari suka wuce. Kaji suka fara zubewa, sai awaki. Aka buga waya bariki, aminan nan da mutanensu suka taso cikin rigunan roba, kowa da takunkumi mai tace iska a fuska.

To, nan aka yi kuskuren. Mutanen Tungar Baure sun sha wuya a hannun masu rufe fuska, kuma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Suna hango baƙaƙen fuskokin nan sai gari ya watse, kowa ya nufi kwazazzabon bayan gari, inda suka saba ɓuya in an kawo hari. Ba su san gubar ta fi iska nauyi ba, gangare take bi kamar ruwa. Cikin masu gudun har da Hansai matar Ɗantala, da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe, bayan ɓarin da ta sha har an daina yi mata barka da ciki. Ta bi ta gefen gangunan tana dawowa daga rijiya, bakin zaninta ya jiƙe da abin ba ta sani ba.

Haladu ne ya fara isa bakin kwazazzabon, na'urarsa na kuka. Ya yi ihu cikin takunkumi, ba a jin komai sai gurnani, mutane suka ƙara nutsawa ciki. Dokar aikinsu ɗaya ce wadda ba a wasa da ita: ba a cire takunkumi cikin guba. Haladu ya san dokar, ya kuma san abin da na'urar ke faɗa masa. Ya fizge takunkumin.

"Jama'a, ku dube ni, ni ɗanku ne, soja ne! Mutuwa kwari take bi. Ku hau tudu, ku fuskanci iska!"

Da suka ga fuskar mutum, da tsagen kumatu irin na gidansu, sai suka yarda, suka yi ta haurowa. Hansai ce ta kasa, ta riga ta faɗi can ƙasa. Haladu ya gangara ya ɗauko ta, ya hau da ita yana tari, ya ajiye ta kan tudu, sannan ya kife.

Sai aiki ya koma hannun Zakari. Wanda guba ta taɓa wa tufafi, sai an yanke su da almakashi an wanke jikinsa da sabulu, in ba haka ba fata za ta yi ta sha. Yana matsowa da almakashi sai Ɗantala ya zare adda.

"Wallahi ba namijin da zai tuɓe min mata a bainar jama'a!"

Kada ku yi masa dariya, na san da yawanku haka za ku yi. Zakari na iya sa sojoji su danne shi, amma ya dubi matan da ke tsaye ya gane cewa in aka tuɓe mace ɗaya da ƙarfi, duk kwazazzabon za su koma. Ya yaye tamfol ɗin mota ya ba mata suka riƙe, suka zagaye Hansai. Ya kira ungozomar garin.

"Inna Marka, ke za ki yi, ni zan faɗa miki. Kada ki cire mata riga ta kai, yanka za ki yi."

Babu safar hannu ta ƙari, sai ya tuɓe tasa ya sa wa tsohuwar. Ya juya baya yana ba ta umarni, yana miƙa tiyon ruwa ta saman tamfol. Tufafin da aka turo ta ƙasa suka faɗo kusa da ƙafafun matan, ya kwashe da tsurar hannunsa ya zuba a ganga ya rufe. Sauran mata da suka ga an rufa asiri sai suka shiga layi da kansu. Bai daina ba sai da aka wanke ta ƙarshe, sannan gubar da ya taɓa da hannu ta kama shi, ya durƙushe.

Aka miƙa wa Ilyasu Hansai, tana kumfar baki, numfashi na sarƙewa. Surukarta ta rugo da ƙwaryar nono da manja za ta ɗura mata, yadda ake yi wa wanda ya ci guba. Ilyasu ya tare ƙwaryar.

"Inna, ki yi haƙuri. In ya bi mata ta huhu, shi zai riga gubar kashe ta."

Akwatin allurarsa ya riga ya ƙare a kan mutanen gari. Kowane soja na da tasa a aljihu, amma na sauran sojoji ma sun ƙare, ya kuwa yi wa Haladu tasa, ya yi wa Zakari tasa tun da ya taɓa tufafin nan. Saura guda, tasa. Ga shi ƙaya ta yage masa riga tun ɗazu, yana jin yawu na cika masa baki, duniya na yi masa duhu-duhu. Ya dubi allurar, ya dubi matar, ya soka mata a cinya. A mota, kan hanyar asibiti, numfashinta ya tsaya. Ya ɗora mata jakar roba ta hura iska, yana matsawa yana saki, mota na faɗawa ramukan damina, idonsa ya daina gani sai lalube, bai tsaya ba. A ƙofar asibiti sai da aka ɓamɓare yatsunsa daga jikin jakar.

Allah da ikonsa, ba wanda ya mutu cikinsu. Amma kowa ya biya. Haladu ba ya iya hawa tudu sai ya tsaya ya huta, ga horon karya doka da aka yi masa. Zakari ba ya iya kai kofi baki shayi bai zube ba. Ilyasu har yau ganinsa bai koma daidai ba. Hansai kuwa ta haifi ɗanta namiji, lafiyayye.

Tun a ƙofar asibiti Ɗantala ya rantse, yana kuka, cewa in Allah ya ba shi namiji, sunan wanda ya ceci matarsa zai raɗa masa. Ranar suna ta zo, rago na ɗaure, liman na zaune, sai gardama ta kaure. Wasu suka ce ba don Haladu ba da gawa za a wanke. Aka ce musu ai shigarsu da rufaffiyar fuska ce ta kora mutane kwari tun farko. Wasu suka ce ba don Zakari ba da allura ba ta yi amfani ba. Aka ce ai ya ɓata lokaci wajen lallashin mai adda. Wasu suka ce ba don Ilyasu ba da an ɗauko ta an wanke ta a banza. Aka ce ai mace ya tarar mutum biyu sun riga sun fid da ita daga bakin kura. Aka tambayi sojojin, kowa ya nuna ɗan'uwansa. Wani mai wayo ya ce a haɗa sunayen uku. Ɗantala ya ce shi da mutum ɗaya ya rantse, kuma ba zai fara rayuwar ɗansa da warware rantsuwa ba.

Rana na ɗagawa, wanzami ya gaji da wasa aska, liman ya sunkuya kan kunnen jariri yana jira. To, ku da ke zaune nan, Haladu, Zakari ko Ilyasu: sunan wa za a raɗa wa yaron?