Sillen Karan Iya Ɗela da Lissafin Mushe Mainassara

Akwai wani dattijo a garin Magarya ana ce masa Mushe Mainassara, wato Malam Mainassara da bakin Faransa. Shekara talatin ya yi yana aikin buro, wato ofis. Shi ya ajiye aiki, amma bik ukun rubutu da ke aljihun rigarsa ba su ajiye ba: shuɗi, baƙi da ja. Mutumin kirki ne. Matsalarsa guda: duk abin da ba a rubuta da lamba ba, a wurinsa zancen ƙauye ne.

Ɗansa Abdulwahabu ya ga wata yarinya, Hinda, a wani ƙauye kusa da Yekuwa. Suka daidaita, manya suka shiga, aka sa ranar kai lefe. Asabar ta uku.

To, Hinda tana da kaka, Iya Ɗela. Duk yankin an san ta da abu ɗaya. Idan aka kawo lefen jikarta, ba ta duba atamfa, ba ta duba sarƙa. Takalmi take fara ɗauka. A ganinta, gidan da bai damu ya san ƙafar yarinya ba, ba zai damu da sauran jikinta ba. An ce ta taɓa mai da akwati huɗu a kan amalanke saboda takalmi ya matsi yatsa. Wasu sun ce akwati shida ne. Ni dai ban ƙirga ba.

Kwana biyu da sa rana, sai ga saƙo daga ƙauye: sillen kara guda, an yanke shi tsaf, an ɗaura masa baƙin zare a tsakiya.

Mushe ya juya shi, ya sake juyawa. Ya dubi matarsa, Hajiya Safiatou.

"Wannan fa? Asuwaki suka aiko mini?"

"Awon ƙafar amarya ne, Malam. Tsawon karan shi ne tsawon ƙafar. Zaren kuma faɗinta. Haka ake kai shi kasuwa, a zura cikin takalmi."

Mushe ya yi dariya har tabarau ya zame masa.

"Hajiya, a wannan zamanin? Ni, Mainassara, in ɗauki kara in shiga kasuwar Dungas ina zura wa takalma kamar mai neman kunama a rami? Ta telefon zan sayo. Daga Kano. Irin wanda ƙauyen nan ba su taɓa gani ba."

Hajiya ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ya shiga telefon, ya sami wani mai sayar da takalma a Kano, sunansa Anwar. Hotuna masu kyau, magana mai daɗi. Mushe ya zaɓi ƙafa uku. Anwar ya aiko da murya: "Alhaji, wane saiz?"

"Mene ne saiz?"

"Lambar ƙafa."

"A'a, fwantir kake nufi. Dakata."

A nan ne ya tuna bai san lambar ba. Ya buga ƙauye. A can rezo ba ya kamawa sai an hau tudun bayan rijiya. Kuma Hinda, don kunya, ba za ta yi magana da surukinta ba. Saboda haka aka hau tudu su biyu: Hinda tana duba ƙarƙashin tsofaffin takalmanta tana raɗa wa kakarta, Iya Ɗela tana ƙwala wa telefon ihu.

"Ta ce wannan talatin da tara!"

Mushe ya rubuta da shuɗin bik. "Madalla, Iya. Na gode."

"Tsaya! Na sallar bara, wanda kawunta ya kawo daga Daura, ta ce shida!"

"Shida kuma?"

"Na roba kuma, na zuwa gona, ɗari biyu da arba'in da biyar!"

Mushe ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Iya, ƙafa nawa gare ta?"

"Biyu, kamar ta kowa! Ba na aiko maka da kara ba?"

Rezo ya ɗauke.

Mushe ya zauna da kaye, littafin rubutunsa, a cinya. Talatin da tara. Shida. Ɗari biyu da arba'in da biyar. Yarinya guda. Ya yi tunanin ko ƙafar kumbura take da damina ta motse da rani. Ya ga ko kabewa ba ta yin haka.

Sai ilimin buro ya motsa. Idan lambobi suka saɓa, me ake yi? Ana haɗa su a raba, kamar yadda ake fitar da sakamakon jarrabawar 'yan lakwal. Ya haɗa, ya raba uku. Ya ja layi biyu da jan bik.

Ya aika wa Anwar: "Casa'in da shida da ɗoriya. Ka cika shi casa'in da bakwai, don ta sake."

Can sai muryar Anwar ta shigo, ana jin wasu suna dariya a bayanta.

"Alhaji, don Allah amaryar mutum ce? Mu dai a arba'in da shida muka tsaya."

Ran Mushe ya ɓaci. Ya ɗauko sillen karan, ya aza a kan tabarma, ya ɗauki hotonsa ya tura. "To ga awon, tunda ba ka iya lissafi ba."

Anwar ya ce, "Alhaji, a hoto wannan zai iya zama tsinken sakace, zai iya zama taɓarya. Ka sa mita ka auna mini shi kawai."

Mushe bai ji ƙarshen maganar ba. Taɓarya kawai ya ji. Ya toshe lambar Anwar, ya yi wurgi da karan bayan rumbu, wajen da akuyoyi suke.

Ya sami wani shafin. Hoton takalmi ruwan zinariya, ya cika fuskar telefon gaba ɗaya. A wannan karon ya yi dabara: tunda kayan Najeriya ne, lambar Najeriya za a ba su. Ya rubuta: "Shida. Ƙafa uku." Bai tambayi kowa ba, bai kuma lura da cewa duk sauran hotunan shafin riguna ne na jarirai ba.

Bayan kwana biyar, direban Kano ya kira shi tasha. Mushe ya tafi da ɗan kabu-kabu na biyu don ɗaukar kaya. Direba ya sa hannu a aljihun ƙofar mota, ya miƙo masa leda.

"Sauran fa?"

"Shi ke nan, Mushe."

A gida ya buɗe. Takalma ƙafa uku, ruwan zinariya, kyawawa ƙwarai. Kowanne ya zauna a tafin hannunsa har da sauran wuri. Idan aka matsa dunduniyar, sai ta yi ƙara kamar ɗan tsako.

Hajiya ta ɗauki ɗaya, ta matsa. Ta sake matsawa.

"Malam, ai ka yi saurin shiri. Ba a ɗaura aure ba, ka sayo kayan suna."

"Shida na ce musu!"

"To ai shida suka ba ka."

Saura kwana tara. Mushe ya daina zama majalisar shayi, don kowa ya gan shi sai ya tambayi labarin takalmin Kano. Shi da bakinsa ya yi ta shela.

Ya koma lissafi. Yanzu ya daina yarda da lambobin ƙauye gaba ɗaya. Ya duba nasa takalmin: arba'in da uku. Ya ce a ransa, shi da ya yi rayuwarsa a kan kujera ke nan. Yarinyar da ta tashi tana taka gona, tana jan ruwa a rijiya, ai ƙafarta ta fi tasa buɗewa. Ya ƙara biyu. Ya sami shafi na uku, ya yi odar arba'in da biyar, masu tsinin dunduniya.

Wannan karon kwali ya zo babba, har da ɗaure shi a bayan babur. Mushe ya shigo gida yana murmushi.

Hajiya ta zura ƙafarta a ɗaya, da silifas ɗinta a ƙafar. Ya shige. Maƙwabciya ta zo ta gwada, ta yi taku biyu, takalmin ya tsaya, ita ta wuce. An ce kaza ta shiga ɗaya ta yi ƙwai. Wannan ban gani da idona ba, amma wanda ya faɗa mini ba ya ƙarya sai ranar kasuwa.

Ranar Laraba ce. Lefe Asabar.

Abdulwahabu ya zo ya durƙusa. "Baba, in Iya Ɗela ta mai da akwatin nan, da wane ido zan sake shiga garin?"

Mushe ya tashi a hankali, ya zaga bayan rumbu. Ya duba ƙasa, ya ɗaga tarin kara, ya ture tsohuwar tukunya. Babu. Sai wata jar akuya tana tuƙa, tana kallonsa kamar ta san shi a buro.

Ya dawo ya zauna a bakin ƙofar ɗakin Hajiya.

"Hajiya... karan nan. Akuya ta cinye."

"Wane kara? Asuwakin?"

"Hajiya, don Allah."

Ta shiga ɗaki, ta fito da kwali madaidaici ta ajiye a gabansa. A kansa ga sillen kara, da baƙin zarensa.

Ashe tun ranar da ya jefar da karan, ta tsince shi. Ta kai wa Habiba mai ɗinki, aka aza mita a kai: santimita ashirin da huɗu da rabi. Aka kwance zaren, aka auna shi ma. Ta karɓi lambar Anwar a wurin Abdulwahabu, ta aika masa da awon, ta ce ya zura mita cikin kowane takalmi ya turo hoto kafin ya ɗaure kaya. Tun Litinin takalman suka iso.

"Anwar ya ce in gaishe ka," in ji ta. "Ya ce lambobin nan uku duk gaskiya ne. Talatin da tara ƙirgar Faransa, shida ta Ingila, ɗari biyu da arba'in da biyar ta Sin. Ƙafa ɗaya ce, kowa da yadda yake kiranta."

Mushe ya dubi kayensa, ya dubi karan.

"Tun Litinin? Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Kana cikin lissafi. Ban so in katse ka."

Ranar Asabar mata suka kai lefe. Iya Ɗela ta ture atamfofi gefe, ta ɗauki takalmi. Ta sa hannu a ƙugu, ta zaro wani sillen karan. Ashe biyu ta yanka. Ta zura a na farko. Daidai. Na biyu, daidai. Na uku, daidai. Aka kai wa Hinda a ɗaki, ta sa, ta taka. Guɗa ta tashi.

Iya Ɗela ta ce wa Hajiya, "Ki gaya wa Mushe, ilimi ya yi rana. Mutum yana Magarya ya auna ƙafar da ke Yekuwa ta cikin telefon!"

Hajiya ta ce, "Zai ji, Iya."

Ya kuwa ji, a gaban 'yan majalisa. Ya ce, "To... aiki ne na haɗin gwiwa." Ya sunkuya yana hura shayin da ya riga ya huce.

Ƙananan takalman suna cikin akwatin Hajiya, suna jiran mai su. Manyan kuwa an zaga unguwa da su, ba a sami wanda suka kusa yi wa daidai ba sai Mushe kansa.

Da sallah ta matso, Hajiya ta leƙa bayan rumbu. Ta tarar da shi ya cire takalmi, ya take sillen kara, yana sa alama da jan bik.

Darasi: Kada ka raina dabarar mutanen gida don ba ta zo a cikin telefon ba, kuma idan ba ka gane abu ba, tambaya ta fi lissafi. In za ka sayi takalmi daga nesa, auna ƙafar da mita, ka sa mai kaya ya auna nasa ka gani. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda kuka san yana da bik uku a aljihu.