Ranar da Mati Ya Ƙi Yanka Kajinsa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, ana ce masa Mati. Ku saurara da kyau. Kai ma da ke can baya kana ta latse-latsen waya, ajiye ta, ba guduwa za ta yi ba.

Mati ba malami ba ne, ba attajiri ba. Kaji yake kiwo a bayan gida, da 'yan zabi da agwagi. Da su yake ci, da su yake sha, da su yake yi wa iyalinsa ɗinkin salla. Gonarsa ba ta taka kara ta karya ba. Kajin nan dai su ne komai nasa.

To a garin akwai wata al'ada, kuma kada ku yi mini kallon ba ku san ta ba, don a gidajenku ma ana yi. Da kaza ta fara gyangyaɗi ta saki fiffike, sai a ce maza a kawo wuƙa kafin ta zama mushe. A yanka, a fige, a dafa. In sun yi yawa a aika wa maƙwabta, a ce sadaka ce. Haka Mati ya taso ya tarar, haka kuma yake yi.

Wata safiya ya buɗe akurki ya tarar da kaji a zube. Jiya lafiya lau suka shiga, yau ga su ƙafafu a sama. Waɗanda suka rage kai ya kumbura, zanko ya yi baƙi, suna buɗe baki suna neman numfashi. Ya kwashe matattun da hannunsa ya kai gefe, kafin ya juyo wasu sun faɗi.

Sai ya tuna wata magana. Kwanakin baya malamin dabbobi ya tsaya a layin 'yan kaji a kasuwa yana bayani, mutane na ta cinikinsu. Cewa ya yi mura ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda muka saba da ita, mai zuwa lokacin sanyi ta kwantar da mutum ta tafi. Akwai kuma ta tsuntsaye, mai kashe kaji farat ɗaya, wadda kan tsallaka ta kama mutum, musamman mai yanka da mai figa, kuma in ta kama ba ta wasa. Babban abin tsoro, in ji shi, shi ne wata rana ta saba da jikin mutane ta riƙa bin su gida gida. Ya ce duk wanda ya ga haka ya kai rahoto.

Mati ya san abin da rahoton ke nufi. Ba za a bar masa ko ɗan tsako ba. Masu ciwo da masu lafiya duk rami za su, kuma na maƙwabta ma ba za su tsira ba.

Matarsa Ladingo ta riga ta ɗora ruwan zafi, ta miƙo masa wuƙa, ta ce ya yi sauri ko rabi su tsira da shi. Ya karɓi wuƙar. Ya je bakin akurki ya dawo. Ya shiga zaure ya fito. Ya zauna a kan turmi, ya miƙe kamar an tsikare shi. Ya ɗauki buta ya ajiye bai yi komai da ita ba. Wallahi duk wanda ya taɓa ganin abincin iyalinsa yana mutuwa a gabansa ya san wannan zirga-zirgar.

Yana cikin haka sai ga Nomau mai gasa kaji a tasha, da manyan kwanduna a bayan keke, don labari ya riga ya kai masa. Ya ce zai kwashe duk mai sauran numfashi, yanzu yanzu, ba wanda zai ji. In an zuba yaji an gasa, wa zai tambayi kaza ko ta yi tari? Ya ce Mati ya dubi iyalinsa, damina da sauran nisa.

Jama'a, kada ku ce Mati bai ji daɗin maganar ba. Ya ji. Har ya taka zai ɗauko kwando.

Sai aka yi sallama. Wata tsohuwa ce maƙwabciyarsu, Iya Gambo, da 'yar robarta a hannu, tana tafe tana haki saboda ciwon ƙirji da ta daɗe da shi. Ita ce mai taya su figa duk ranar yanka, a ba ta kawuna da ƙafafu ta je ta yi romo. Ta ji kaji na mutuwa, ta zo aiki. Ta nufi akurki tana naɗe hannun riga.

Mati ya sha gabanta. Ya ce, "Iya, don Allah tsaya nan. Yau babu figa."

Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, kan kazar ma yau ka hana ni?"

Kunya ta kama shi kamar ya nutse. Ya ce, "Iya, cuta ce a jikinsu. Gara ki yi fushi da ni."

Ta juya da robarta ba komai, tana faɗin ba ta san rowa ta kai shi nan ba. Ya sallami Nomau da kwandunansa, ya ce wa Ladingo ta sauke ruwan kada kowa ya kusanci bayan gida, ya wanke hannu da sabulu, ya kama hanyar ofishin dabbobi. A hanya ya tsaya, ya waiga, ya sake tsayawa. Amma ya isa.

Ma'aikatan ofishin suka zo da fararen kaya da takunkumi a fuska, suka haƙa rami, suka binne kajinsa kaf, suka yi feshi, sannan suka bi gidajen unguwa. Ranar Mati ya sha zagi. Wannan ta ce kazar da take tanadi don suna ce, wancan ya ce wa ya aike shi. Ya yi sallama a majalisa, aka amsa ciki-ciki.

Ba a jima ba zazzaɓi ya rufe shi, shi da ya kwashi matattun da hannu. Nan ma ya sake ɓata wa mutane rai. Ya koma ɗakin zaure shi kaɗai, da kofinsa da kwanonsa. Ladingo ta riƙa rufe hanci da baki ta ajiye abinci a bakin ƙofa. 'Yan uwa suka zo dubiya, ya ce su yi masa addu'a daga waje. Aka ce girman kai ne. Da numfashi ya fara yi masa wuya aka kai shi asibiti, ya sha jinya, Allah ya tashi kafaɗunsa.

Na ga kun gyara zama, kuna jira in ce daga nan ya yi arziki, ko mutanen gari sun taru sun ba shi haƙuri. Ba a yi ba. Kiwo bai sake komawa yadda yake ba, ƙwadago ya koma yi a gonakin mutane har ya tsufa. Ba wanda ya gode masa, domin ba wanda ya kwanta a unguwar in ba shi ba, sai kowa ya ce ai dama ba abin da zai faru. Sun rayu, sun aurar da 'ya'yansu, suna jin haushinsa.

To ga abin da nake so ku tafi da shi. Amana ba a kan dukiya kaɗai take ba, lafiyar maƙwabcinka ma amana ce a wuyanka. Kaji sun fara zubewa, kada ka yanka, kada ka sayar, kada ka kira shi sadaka, je ka faɗa. Tun kuna lafiya ku tanadi sabulu da ɗan hatsin da zai riƙe gida in an ce a zauna, ku san ɗakin da mara lafiya zai kwanta da wanda zai kula da shi. Kai kuma da kake tari kana zazzaɓi, ka kutso cikin sahu ka ce tawakkali ne, ba tawakkali ba ne, zauna a gida.

Za a ce ka cika tsoro, za a ce kana da rowa. Ka daure. Mutanen da ka kare ba za su taɓa sanin ka kare su ba, amma Wanda ya halicce su ya sani. Allah ya tsare mu, ya sa kada mu zama sanadin kukan gidan wani.